KA TSARE KATAKON MAKEWAYINKA DAGA RUWA

Ya kai mai gida, da ke uwargida, ga magana a kan wurin da kowa ke shiga kullum amma ba a cika zancensa ba, watau makewayi.

A watan Oktoba na 2022 aka bayyana cewa Jihar Jigawa ita ce ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili. Wannan abin alfahari ne, kuma da guminku aka same shi, domin ku ne kuka haƙa masai, kuka kewaye. To, yanzu mutane da yawa a ƙasar Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da Babura sun shiga gyara na biyu. Mai zana yana so ya yi bango. Mai labulen buhu yana son ƙyaure. Mai rufin kwano yana son silin. Da ya ke katakon itace ya yi tsada, sai a ke komawa ga wani irin katako mai faɗi, mai santsi, mai kyaun gani, wanda kuɗinsa bai kai na falanki ba. Idan an bi da shi yadda ya kamata, ya kan yi shekaru yana aiki. Idan kuwa aka kafa shi tsirara kamar yadda ya fito daga kanti, damina ɗaya ta isa ta gama da shi. Kuɗi sun tafi, cuta kuma ta sami ƙofa.

WANE IRIN KATAKO NE WANNAN?

Ba daga gindin itace a ke yanko shi ba. A masana'anta a ke niƙa guntayen itace har su zama zare-zare kamar dusa, sa'an nan a matse su da zafi da nauyi mai yawa har su zama allo. Saboda haka a nan za mu riƙa kiransa katakon dusa. Wani Ba'amurke mai suna William Mason shi ya gano yadda a ke yin siririn, a shekarar 1924. Shi ne mai ruwan ƙasan nan, gefe ɗaya santsi gefe ɗaya kaushi, wanda a ke yin silin da bayan kabad da shi. Mai kaurin kuwa, wanda kafintoci ke kira MDF, a kan gauraya shi da gam kafin a matse, kuma a Amurka aka fara yinsa cikin shekarun 1960. Yawanci a kan sayar da su ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Daga kasuwannin Kano, irin su 'Yan Katako na Na'ibawa da Ƙofar Ruwa, su ke biyo hanyar Daura su iso mana.

Abin da za ka riƙe game da shi ɗaya ne: katako ne mai ƙishirwa. Falanki na gaske idan ya jiƙe ya kan bushe ya koma kusan yadda ya ke. Katakon dusa idan ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodin da ya faɗa cikin shayi, kuma ko ya bushe ba ya komawa. Sai ya zama tuɓus, ƙusa ba ta kama shi, ka taɓa da yatsa ya marmashe.

Kuma ba ta fuska ya fi shan ruwa ba. Fuskar an matse ta sosai. Ta baki ya ke sha, watau gefen da zarto ya yanka, da ramin ƙusa, da bayan nan mai kaushi. Idan kana so ka gani da idonka, ka roƙi kafinta ya ba ka ɗan guntu, ka tsoma bakinsa cikin kwanon ruwa da dare. Da safe ka gwada kaurinsa da na busasshe. Ba sai wani ya ƙara yi maka bayani ba.

Akwai wani irinsa da aka yi domin wuri mai laima, sau da yawa cikinsa kore ne. Ya fi haƙuri, ya kuma fi tsada. Amma shi ma haƙuri ya ke yi da laima, ba ya iya zama cikin ruwa. Shi ma sai an shafe shi.

INA RUWAN ƊAKIN MAGANI DA KATAKO?

Watakila ka ce, to mene ne haɗin malamin asibiti da aikin kafinta? Haɗin yana da yawa, mu da mu ke zaune a ɗakin shan magani mu mu ke ganin ƙarshensa.

Na farko, katakon da ya jiƙe ya kan yi fumfuna, baƙa ko kore. Fumfuna tana sakin ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, su bi iska a shaƙe su. Su kan tayar da tari, da atishawa, da ƙaiƙayin ido. Mai ciwon asma kuwa, yaro ko tsoho, su kan tayar masa da ciwonsa cikin dare.

Na biyu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan katako ya kumbura ya buɗe, ya zama gidan kyankyaso, da gara, da kunama. Kyankyason da ya kwana a bakin masai shi ne zai bi ta kan kwanon tuwo kafin gari ya waye. Kunama kuwa a wurin wanka ta fi samun mutum, domin a nan ne a ke tsayawa ba takalmi, a miƙa hannu cikin duhu.

Na uku shi ne mafi girma. Ƙyauren makewayi shi ne sutura. Ranar da ya ruɓe ya faɗi, mata da 'yan mata sai su daina shiga da rana, su riƙe har dare, yara kuma su koma bayan gari. Nan da nan aikin da aka yi shekaru ana yi ya rushe. Kada ka manta da shekarar 2021, sa'ad da ciwon amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Hanyar wannan ciwo ita ce ƙazantar da ta shiga ruwan sha ko abinci. Makewayi mai ƙyaure, wanda kowa ke shiga ba kunya, yana cikin manyan garkuwarka.

INDA ZA A SA SHI, DA INDA BA ZA A SA BA

Fenti riga ce, ba ya mayar da katakon dusa dutse. Saboda haka tun kafin ka sayi fenti, ka fara zaɓar wuri.

Idan makewayinka ba shi da rufi, kada ka sa katakon dusa a cikinsa ko kaɗan. Ruwan Agusta da ranar bazara za su haɗu su gama da shi ko da fenti nawa ka sa. Ka yi ƙyauren kwano a kan firam na itace, ya fi maka.

Idan da rufi, to ga inda zai iya zama: silin, da ƙyaure, da ɗan kanta na ajiye sabulu da soso, da rabin sama na katangar da ta raba wurin wanka da masai.

Ga kuma inda ba zai zauna ba har abada: daɓe, da murfin masai, da abin zama na wanka, da gindin bango inda ruwa ke fallatsa. Daga ƙasa zuwa tsayin ƙirjin mutum, wajen ƙafa 4, wurin bulo ne da siminti. Murfin masai kuwa, wanda ya yi shi da katakon dusa ya haƙa wa iyalinsa rami.

Idan kuma aljihu ya yarda, silin roba ya fi dacewa da wurin wanka, domin ruwa ba ya cinsa. Ka auna kuɗin katako da na fenti ka haɗa, ka gwada da na roba tukuna. Wani lokaci abin da ya ke kamar araha shi ne mai tsada.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Fenti iri biyu ne a kanti, na ruwa da na mai. Na ruwa shi ne wanda a ke sirkawa da ruwa a shafa wa bango. Kada ka fara da shi a kan katakon dusa, domin ruwan da ke cikinsa zai tayar da zaren katakon, baki ya kumbura tun ba a je ko'ina ba. Na mai za ka saya, shi ma kala biyu.

1. Fentin shimfiɗa na mai, wanda masu fenti ke kira faraima. Shi ne ke shiga cikin katako ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi, ya kuma ba fentin sama wurin kamawa.
2. Fentin mai mai ƙyalli, na gamawa. Ka zaɓi fari ko mai haske, domin datti da fumfuna da kunama su riƙa bayyana.
3. Samfefa mai laushi.
4. Buroshi biyu, babba na fuska, ƙarami na baki.
5. Tina ko kananzir kaɗan, na wanke buroshi.
6. Ƙusa wadda ba ta tsatsa, irin farar nan da a ke buga kwano da ita.
7. Maganin gara na katako, domin firam da sandunan silin.

Lita ɗaya ta fenti ta kan rufe wajen murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, amma shafar farko katakon ya kan sha fiye da haka. Ƙyaure ɗaya, gaba da baya da baki, lita ɗaya ta faraima da lita ɗaya ta mai ƙyalli sun ishe shi.

Mutane da yawa su kan shafa baƙin mai na mota ko na injin ban ruwa, su ce yana korar gara. Kada ka sa shi a nan. Fenti ba ya kama katakon da ya sha baƙin mai, sa'an nan akwai guba a cikinsa da ba a so ta riƙa taɓa fata, ko ta bi ruwan wanka ta shiga ƙasa kusa da rijiya. Farin gam na kafinta kuma, shi kaɗai ba ya tsare ruwa, ya kan yi laushi idan ya jiƙe.

LOKACIN AIKI

Da damina iska tana da laima, fenti ba ya bushewa da wuri, katakon ma ya riga ya sha danshi. Da hunturu kuwa ƙura ta kan manne wa ɗanyen fenti. Lokacin da ya fi shi ne bayan hazo ya ɗauke, kafin ruwa ya sauka, watau daga Maris zuwa farkon Mayu. Ka yi aiki da safe ko da la'asar, a inuwa, inda iska ke ratsawa, kamar ƙarƙashin rumfa. Kada ka shafa cikin tsakar rana, domin saman fenti zai bushe ya bar cikinsa ɗanye, daga baya ya yi ƙuraje ya ɓare.

YADDA A KE SHAFAWA

Babbar doka ita ce: a shafa tukuna, sa'an nan a kafa. Wanda ya buga katako ya gama sa'an nan ya kira mai fenti, fuska kaɗai ya rufe. Ya bar baki da baya a buɗe, su ne kuwa ƙofofin ruwa.

1. Idan ka kawo katako gida, ka ɗora shi a kan sanduna a cikin ɗaki, kada ya taɓa ƙasa. Ka bar shi kwana biyu ya saba da iskar gidanka.

2. Kafinta ya auna, ya yanka, ya huda duk ramukan da za a bukata. Kada a bar wani yanka sai bayan fenti. Idan ya zama tilas a sake yanka, to sabon bakin sai an shafe shi daga farko.

3. Ka goge baki da samfefa har ya yi santsi, ka ɗan kashe kaifin kusurwa, domin fenti ba ya zama a kan kaifi. Fuska kuwa gugar sama-sama ta isa, kada ka cinye fatarta. Ka share ƙura da busasshen tsumma. Kada ka wanke da ruwa.

4. Ka fara da baki. Ka shafa faraima da ƙaramin buroshi a dukan gefe huɗu, da cikin kowane rami. Za ka ga ya shanye nan take. Ka bar shi ya bushe, ka ɗan goga da samfefa, ka sake. Baki yana son shafa uku. Alamar ya ƙoshi ita ce ka ga fenti ya tsaya a sama ya daina nutsewa.

5. Sa'an nan ka shafa faraima a baya da fuska, sau biyu. Ka ja buroshi siriri-siriri. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri.

6. Tsakanin kowace shafa da ta biye, ka bar shi ya kwana. Idan gwangwani ya faɗi wani lokaci dabam, ka bi abin da ya faɗa. Ka danna da babban yatsa: idan ya yi danƙo ko ya bar shaida, bai yi ba. Sauri ya haifi nawa.

7. Ka kawo fenti mai ƙyalli, ka shafa sau biyu, gaba da baya da baki duka. Bayan da ba mai gani, shi ma ka ba shi hakkinsa. Katakon da aka shafe gefe ɗaya ya kan lanƙwashe, domin gefe ɗaya yana shan laima ɗaya ba ya sha.

8. Ka gwada. Bayan ya bushe sarai, ka ɗiga ruwa a baki da fuska. Idan ruwan ya tsaya dunƙule ya gangare, aiki ya yi. Idan wurin ya yi duhu, to yana sha, ka ƙara shafa.

Dukan aikin zai ci wajen mako ɗaya. Bayan an kafa, ka ƙara masa 'yan kwanaki kafin a fara wanka a wurin, domin fenti ya yi ƙarfi, warinsa kuma ya fita.

YADDA A KE KAFAWA

Ƙyaure: a yi masa firam na itacen gaske, katakon dusa ya zauna a tsakiya. Ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kansa da sakata, a jikin firam za a ɗaura su, domin katakon dusa ba ya riƙe nauyi ta baki. A ɗage gindin ƙyaure daga daɓe kamar inci 4, watau faɗin tafin hannu. Wannan yana hana shi shan ruwan ƙasa, yana kuma ba iska hanya. Idan da hali, a lulluɓe gindin da sallen kwano, daga ƙasa zuwa ƙafa ɗaya, bayan an riga an shafe shi.

Silin: kafin komai ka hau ka duba kwano, ka toshe duk inda ke yoyo. Ka sani kuma kwano ya kan yi gumi ta ciki, musamman da sanyin asuba bayan an yi wanka da ruwan zafi, gumin ya ɗiga a bayan silin. Dalilin shafe baya ke nan. A bar ɗan tsakani, kamar kaurin tsinken ashana, tsakanin allo da allo, domin katako yana motsi da sauyin iska. A rufe tsakanin da siririn katako wanda shi ma an shafe shi.

Kanta: a ɗora ta sama da kafaɗa, nesa da inda a ke watsa ruwa. Sabulu ya zauna cikin kwanon roba, kada a aza shi jiƙe a kan katako.

Duk inda ƙusa ta shiga, ka bi kanta da ɗigon fenti. Rami ɗaya da aka manta ya isa ruwa ya shiga.

KA TSARE KANKA DA YARANKA

Ƙurar katakon dusa tana da laushi kamar gari, kuma akwai gam a cikinta. A yanka shi a fili, mai yanka ya rufe hanci da baki. Guntayen da suka rage, ko da fenti ko babu, ke uwargida kada ki sa su a murhu. Hayaƙinsu ba na shaƙa ba ne, balle a dafa abinci a kansa.

Ka lura da wani irin silin na dā, fari-fari mai nauyi, mai karyewa kamar tukunya, wanda a ke kira asbesto. Wannan ba katakon dusa ba ne. Idan shi ne a gidanka, kada ka yanka da zarto, kada ka goga da samfefa. Ƙurarsa idan ta shiga huhu ba ta fita, kuma bayan shekaru masu yawa ta kan kawo ciwon huhu da ciwon daji. Idan lafiyarsa ƙalau, ka bar shi yadda ya ke. Idan ya farfashe, ka nemi shawarar duba-gari kafin ka taɓa.

An sha samun dalma a cikin wasu fentin mai, musamman rawaya da ja. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a shekarar 2010, ko da ya ke a can daga dutsen zinariya ta fito. Ka duba gwangwani, ka nemi wanda aka rubuta ba dalma a cikinsa. Kada ka bar yaro ya ɓare busasshen fenti ya sa a baki, kuma kada a mayar da gwangwanin fenti abin ɗiban ruwan sha.

Mai ciki, da jariri, da mai asma, su yi nesa da wurin har wari ya tafi. Kada a kunna wuta ko taba kusa da tina. Tsumman da ya sha fenti a shanya shi a fili, kada a dunƙule a jefa lungu, domin ya kan iya kama wuta da kansa.

Kananzir da tina kada a zuba su cikin kwalbar lemo ko ta ruwa. Yaro ya kan gani ya ɗauka abin sha ne. Idan har haka ta faru, kada a sa masa yatsa a wuya, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai. Aman ne ke kai man cikin huhu. A ɗauko shi nan da nan zuwa asibiti, a riƙo kwalbar.

Fentin da ya ɓata hannu, ka murza da man gyaɗa, sa'an nan ka wanke da sabulu. Ba sai da fetur ba.

KA BA RUWA HANYA

Ko ka shafa fenti goma, idan ruwa yana kwana a makewayi, laima za ta ci katako, ta ci gindin bango. Mun ga yadda gidajen ƙasa suka yi ta faɗuwa a Jigawa da daminar 2022, kuma kowa ya san bangon da gindinsa ya daɗe yana jiƙe shi ke fara durƙusawa. Saboda haka rabin aikin a ƙasa ya ke.

Daɓe ya zama na siminti, kwano ɗaya na siminti, uku na yashi. A karkata shi wajen rariya, inci ɗaya a kowace ƙafa 4. A riƙa yayyafa masa ruwa har kwana bakwai domin ya yi ƙarfi. Kada a goge shi ya yi santsi kamar madubi, a bar masa ɗan kaushi saboda tsofaffi da masu ciki. Daɓen ƙasa mai danshi a kusa da masai kuwa wurin zaman 'ya'yan tsutsar ciki ne, irin wadda ke huda fatar ƙafa ta shiga jiki ta sha jini.

Ruwan wanka kada ya bi cikin masai, zai cika shi da wuri ya kuma zubar da bakinsa. Kada kuma ya fita ta rariya ya kwanta a lungu. Sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike bai fi kwana bakwai zuwa goma ba a lokacin zafi. A haƙa masa rami a bayan bango, ƙafa 3 a faɗi, ƙafa 3 ko 4 a zurfi, a cika da manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a sama, a rufe. Ku mutanen Babura, yawancin ƙasarku rairayi ce, tana shan ruwa da sauri, amma bakin rami ya kan zube, sai ku ɗaure shi da bulo. Ku na wajen Roni da Gwiwa da duwatsun Kazaure, dutse ba ya yi muku wuya, amma inda ƙasa ta yi tauri ba ta sha da wuri, sai ku faɗaɗa ramin. Ko'ina ne, rami da masai su yi nesa da rijiya mita 30, watau wajen ƙafa 100.

A bar taga ƙarama can sama kusa da rufi, a sa mata raga. Iskar da ta shigo ta ƙarƙashin ƙyaure ta fita ta nan, ta tafi da laima.

Wannan duka ba baƙon ilmi ba ne. Kakanninmu sun san bango yana son riga. Su kan jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su yi yaɓe da daɓe da ita. Maginan Kano da Zariya su kan haɗa laso da katsin marina, da gashin jima, da dafara, su shafe soro ruwa ya gangare. Sun kuma san rigar tana tsufa, shi ya sa su ke sabunta yaɓe kafin damina. Makuba tana nan da amfaninta a bangon ƙasa ta waje. Amma kada ka shafa ta a katakon dusa, domin da ruwa a ke haɗa ta.

KULAWA TA KULLUM

Ke uwargida, a hannunki wannan ya ke. Bayan an gama wanka, a share ruwa da tsintsiya zuwa rariya, a bar ƙyaure a buɗe na ɗan lokaci. Kada a rataya jiƙaƙƙen zane a kan ƙyaure, a kai shi igiya. Ki hana yara watsa wa silin ruwa. Idan kin ga baƙin tabo na fumfuna a kan fenti, ki sirka ruwan bilic, ludayi ɗaya cikin ludayi goma na ruwa, ki goge, ƙyaure a buɗe. Kada ki gauraya bilic da wani maganin wanke masai, haɗin ya kan ba da iska mai shaƙe mutum.

Kai kuma mai gida, kowace shekara idan ka fara sharar gona, ka shiga makewayi da rana ka duba. Ka shafa gindin ƙyaure da hannu. Ka dubi kan ƙusoshi da kusurwoyin silin. Inda fenti ya tsage, ka goge ka sake faraima da mai ƙyalli tun ruwa bai sauka ba. Inda katako ya riga ya kumbura ya yi laushi, fenti ba zai tashe shi ba, sai a cire wannan ɓangare a sa sabo. Silin da ya yi ciki ya sauko, a sauke shi tun bai faɗo wa wani a ka ba.

Idan wani abu ya shige maka duhu, ka tambayi duba-garin ƙaramar hukumarku, ko kwamitin ruwa da tsabta na garinku, ko ka zo ɗakin magani. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa, ya karanta wa kafintan unguwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.